Baba Ga-shi-nan da Maigadin Shagon Agogo

Su huɗu ne a gidan. Akwai tsohon da wannan jinjina take tasa, akwai 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti, akwai mijinta, direban babbar mota da ya fi kwana a kan hanya, sai jikarsa 'yar aji biyu wadda kowa yake kira Jikalle. Ba su rasa abin kaiwa baki ba, ba su kuma rasa abin zama ba, domin tsohon kafinta ne, kujerun gidan sun fi mutanen gidan yawa. Abu ɗaya ne gidan bai taɓa mallaka ba kafin bana, wato talabijin. Abin da ban mamaki, domin mai gidan ya shafe rabin rayuwarsa a cikin talabijin ɗin mutane.

Kullum da safe yakan share gaban rumfar aikinsa, ya goge wa Jikalle takalmi, ya rataya jakarta a kafaɗa ya raka ta makaranta. Mu malamai muna hango su daga bakin ƙofa, ita tana ta zuba, shi yana ta “to, to”. Idan ta shige aji ba ya komawa gida kai tsaye. Yakan je ya zauna a bencin tashar mota ya yi ta kallon jama'a: yadda mai ciwon baya yake sauka daga mota, yadda wanda ya makara yake duba tsintsiyar hannunsa ko da babu agogo, yadda mai neman alfarma yake murza hularsa. Nan ce makarantar da ya koyi wasa. A bana ya ajiye aikin wasan, gwiwa da ido sun ce ya isa haka, amma bai daina zuwa bencin ba.

Katako ne ya kai shi tashar talabijin tun farko. An ɗauke shi ya kafa ɗakin tsare masu laifi na wasan 'yan sandan nan da ake nunawa ranar Laraba da yamma, wasan da yakan sa tituna su yi tsit. Ya yanka sandunan katako, ya goge su, ya shafa musu baƙin fenti har suka koma tamkar ƙarfe. Rannan wanda zai fito a gawa bai zo ba, wai matarsa ta ce ba ta yarda ba. Darakta ya waiga ya ga kafinta da guduma a hannu.

Ya ce, “Kai, ka iya kwanciya?”

Kafinta ya ce, “Tun ina jariri nake yi, ranka ya daɗe.”

Aka shimfiɗa shi a ƙasa. Wanda ya riƙe kyamara a ranar ya daɗe yana ba da labarin cewa ƙuda ya sauka a kan fatar idon kafintan, ya yi yawo, ya shiga kunne ya fito, mutumin nan bai motsa ba, domin ya ji ana cewa kaset ya kusa ƙarewa kuma babu wani. Daga gawa ya zama mai shaida, ya zama direban tasi da ya ga komai amma yake tsoron faɗa, ya zama masinjan kotu, mai facin taya, kawun da ya ɓoye ɗan'uwansa a ƙarƙashin gado. Ɗakin nan da ya kafa da hannunsa, babu wanda ya kai shi shiga cikinsa. Idan wasa ya ƙare aka jero sunaye, shi yana cikin “da sauransu”. Saboda haka duk lokacin da fuskarsa ta bayyana, sai masu kallo su ce, “Ga shi nan.” Sunan ya bi shi har kasuwa, har ya danne wanda aka raɗa masa.

Baba Ga-shi-nan, kai ne wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ka buɗe da alamun tsoro a fuska. Kai ne wanda kake faɗin magana biyu ka fita, amma a kwana ana gardama a kanka a rumfunan aski. An taɓa hana ka haya saboda wata mai gida ta ce ta san abin da ka yi wa marayun nan a talabijin. Wani ɗan sanda na gaske ya tsayar da kai a hanya yana ta dafe goshi, wai ya tabbata ana nemanka, ya dai manta laifin. Ba ka yi fushi ba, ka tsaya ka taya shi tunani.

Duk da haka, yawancin wasannin nan bai gan su ba. Lokacin da ake nunawa shi yana rumfa yana ƙarasa kujerar wani, kuma yakan ce ba ya son ganin hancinsa daga gefe. Sai a bana da surukinsa ya dawo daga wata tafiya da talabijin a kwali, ya ce ga tukuicin ajiye aiki. Aka yi dace, ko a ce rashin dace, tashar ta fara maimaita tsofaffin wasannin, a ranar Laraba kamar dā.

Na farkon da gidan ya gani shi ne na shagon agogo. An fasa shago, an kwashe agogai, an buge mai shagon a kai yana kwance a asibiti. Sufeto ya sa aka kawo maigadi, wani mutum cikin ƙaton kwat mai maɓallan ƙarfe, da tocila a hannu. Jikalle ta miƙe tsaye.

“Kaka, kai ne.”

“Ni ne, amaryata. Dubi gashi baƙi wuluk.”

Amma maigadin nan ba ya dariya. Yana in'ina, yana kallon ƙasa, yana murza maɓallin kwat ɗinsa har ya kusa tsinkewa. A ƙarshe Sufeto ya ɗaura masa ankwa, maigadi ya waigo ya kalli masu kallo da wani irin ido da ba za ka ce na mai gaskiya ba ne, ba za ka ce na maƙaryaci ba ne. Aka rubuta za a ci gaba.

Jikalle ta kalli talabijin, ta kalli kakanta, ta sake kallon talabijin. Uwarta ta yi mata bayani cewa wasa ne, kamar wanda suke yi a makaranta ranar ba da sakamako. Ta gyaɗa kai. Amma a wasan makaranta kowa yana ƙunshe dariya, gemun auduga yana faɗuwa. Wannan mutumin kuwa gumi yake yi. Ta ce a ranta bari Laraba ta zo, Sufeto zai gano gaskiya ya sake shi.

Laraba ta zo, ba a ci gaba ba. Wani wasan aka sa. Aka nuna ɗakin wani masauki, aka yaye zane daga kan wata gawa, sai ga fuskar Kaka, baki a ɗan buɗe. Larabar da ta biyo baya kuma ga shi cikin kaki a kotu, da ransa da lafiyarsa, yana daka wa mutane tsawa su miƙe alƙali zai shigo.

Yaran ajinsu ma suna kallo, kuma su ba su sha wahalar haɗa labarin ba: an kama shi, an kashe shi, ya dawo. Wani mai bakin tsiya a layin baya ya ce mata, “Wanda yake rako ki ɗin nan, ko ɓarawo ne ko fatalwa. Zaɓi ɗaya.” Malamar ajin ta tsawatar, ta yi bayani a kan allo da haƙuri, yaran suka ce sun gane. Da aka fita tara sai suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Ran nan da ta dawo ta same shi a rumfa yana goge ƙafar tebur. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

“Kaka, zancen mutuwa na gane, tunda ga ka. Amma agogon nan, kai ka kwashe?”

Ya ajiye abin gugar. Sannan ya ce, “Wallahi, Jikalle, ban sani ba.”

“Yaya ba ka sani ba? Ba kai ba ne?”

“Ni ne. Na tuna na durƙusa gaban Sufeto na amsa laifi ina kuka. Kuma na tuna Sufeto ya cire mini ankwa ya ba ni haƙuri, ya ce in tafi gida.”

“Duka biyun?”

“Duka biyun, rana ɗaya.”

Ba ƙarya ya yi ba. Daraktan nan, Allah ya jiƙansa, yana da wata ɗabi'a. Gari ƙarami ne, 'yan wasa kuma suna da mata da abokai da masu aski. Idan mutum ɗaya ya san wanda ya yi laifin, kafin Laraba kowa ya sani. Saboda haka duk wanda ake zargi a cikin labari sai an ɗauke shi sau biyu, sau ɗaya yana amsa laifi, sau ɗaya ana wanke shi. Daga nan Darakta ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai ya zaɓi wanda zai sa. 'Yan wasa su ma sai a talabijin suke ganin abin da suka aikata. Wanda ba shi da talabijin kuwa sai ya ji a bakin mutane, shekaru kuma sun wanke abin da aka faɗa masa.

Ya yi ƙoƙarin fayyace mata wannan. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Mutum ai ya san ko ya yi sata.” Ta juya ta shige ɗaki.

Da uwar ta dawo daga aiki ta ji abin da ya faru, sai ta ce, “Haba Baba, yarinya ce fa. Ka ce mata a'a, a wuce wurin.”

Ya ce, “In na ce a'a, jibi su sa kashi na biyu ta gan ni a durƙushe fa? Yanzu ɓarawon cikin talabijin take zargi. Ranar nan kuwa maƙaryacin gida za ta kama.”

Washegari Jikalle ta goge takalminta da kanta, ta rataya jakarta, ta ce za ta bi 'ya'yan maƙwabta. Ya biyo ta daga nesa. Ta tsallaka ɗaya gefen titin. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Mun gan shi yana tsayawa can wajen mai sayar da jarida har sai ta shige, sannan ya juya. Mutumin da ya sha zagin kasuwa yana murmushi, wannan karon abin ya ci shi. Ya rage cin abinci. 'Yarsa ta ce ko bencin tasha ya daina zuwa, wai duk wanda ya kalla sai ya ga kamar shi ma kallon tuhuma yake yi masa.

Ranar Asabar ya sa rigarsa ta fita ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

“Ba na ce ki yarda da ni ba. Zo mu je mu tambayo. Abin da muka samo, shi ke nan.”

Ta yi tunani, ta ce, “Amma ni zan riƙa yin tambayar.”

Suka fara da tashar. Mai kula da ɗakin kaset ya tarbe shi da murna, ya ce tun yana yaro yake tsoronsa. Ɗakin cike yake da kaset har rufi, wasu a kwali, wasu a ƙasa, takardun da aka liƙa musu duk sun bushe sun zube. Ya ce shi ya sa ake sa su yadda aka ci karo da su.

Jikalle ta ce, “Ina na biyun shagon agogo?”

Ya daɗe yana tono kafin ya fito da wani da aka yi wa zanen agogo da alli. Ya sa a na'ura. Kiɗan wasan ya tashi, Sufeto ya shigo ofis, ya cire hula ya rataye, ya ja kujera. Sai hoton ya yi rawa, kaji suka cika allon, wani mutum cikin farar riga yana bayanin yadda ake ba 'yan tsaki ruwa.

Mai kaset ya sosa ƙeya. “Lokacin kaset yana wuya. In an nuna abu sau ɗaya sai a ɗora wani a kansa.”

“To Sufeton yana ƙarƙashin kajin?”

“A'a, 'yan mata. Ya goge.”

“Ina ya tafi da ya goge?”

Mai kaset ya kalli Baba, Baba ya kalli kaji.

Daga nan suka nufi gidan Sufeto, domin har yau haka kowa yake kiransa, har jikokinsa. Suka same shi a kujerar roba a ƙofar gida, da sanda a gefe da rediyo a cinya. Jikalle ta yi turus. Mutumin da ya ɗaura wa kakanta ankwa ya tashi da ƙyar ya rungume shi.

“Ga-shi-nan, ashe ba ka mutu ba.”

“Na mutu ya fi a ƙirga, ranka ya daɗe. Kai ne dai kake zuwa bayan an gama.”

Suka yi dariya har da tari. Jikalle ba ta ga abin dariya ba. Ta gaishe shi, ta ce, “Baba Sufeto, wa ya kwashe agogo?”

“Wa ya me?”

“Agogo. Na shago.”

“Ƙanin mai shagon ne,” in ji shi, ba tare da ya yi ko tunani ba. “Na kama shi a tashar jirgi.” Jikalle ta saki numfashi. Sai ya ɗaga yatsa. “Tsaya. Ko wancan na shagon takalma ne? A na agogo ai akwai wani akawu mai tabarau.”

Daga cikin gida muryar matarsa ta fito ta taga: “Maigadin ne. Ni na kalla, ku kuna can kuna yawo.”

“Ke kin ce maigadi a kowane wasa.”

“To ai fuskarsa ce.”

Sufeto ya juyo ga yarinyar, ya ga idonta ya ciko. Ya jawo ta kusa. Ya ce, “Ni ma sau uku aka ɗauke ni ina nuna mutum uku da yatsa, kowanne ina ce masa kai ne. Ban san wanda aka bari ba. Amma bari in faɗa miki abin da na sani. Ni aikina mai sauƙi ne, in ɗaure fuska in yi tambaya. In wanda yake gabana katako ne, ni ma katako zan zama. Kakanki in ya zauna a kujerar nan ya fara murza maɓalli, sai in ji da gaske ina son in san abin da yake ɓoyewa. Ni aka yi ta ba lambar yabo, amma rabin sufetancina nasa ne.”

Jikalle ta ce, “To me yake ɓoyewa?”

Sufeto ya ce su je wurin Goggo mai ɗinki, ita ba ta mantuwa.

Goggo ita ce ta yi wa wasan tufafi tun daga farko har aka daina. Shagonta yana bayan kasuwa, keke biyu da teburin yanka, da wani ɗaki a ciki inda ta adana kayan da tashar ta ce a zubar. Ta saurari tambayar da allura a baki.

Ta ce, “Ni ban san labari ba, tufafi na sani.” Ta shiga ciki ta fito da kwat ɗin, tana kakkaɓe shi. Maɓalli ɗaya yana lilo da zare. “Wannan aikin kakanki ne, kullum sai na mayar. Kuma na tuna Darakta ya sa na ɗinka aljihun ɓoye a ciki, inda za a sami agogon.”

Jikalle ta zura hannu. Aljihun yana nan, dogo, har gwiwar hannunta. Ta zare hannun a hankali kamar ta taɓa wuta.

“Af, Malam Kafinta, me na yi?” in ji Goggo. Sai ta dafe kai. “Tsaya, 'yar nan. Na ɗinka irinsa a rigar ƙanin mai shagon. Da ta akawun. Duk su ukun ya sa na yi wa, don kada ni ma in sani.”

Yarinyar ta zauna a kan tulin ƙyallaye. Ta ce, “Kowa ya yi, kowa bai yi ba. Sufeto bai sani ba. Kaji sun hau kai. To ni me zan ce a makaranta?”

Baba ya daɗe yana kallon kwat ɗin. Sannan ya ɗauka ya zura hannuwansa. Yana gama ɓalla maɓallan kafaɗunsa suka sauko, wuyansa ya shige, ƙafa ɗaya ta ɗan karkace. Ya jawo kujera ya zauna a bakin-bakinta.

“Ke ce Sufeto,” in ji Goggo a hankali. “Tambaye shi.”

Jikalle ta miƙe. Ta ce, “Kai ka kwashe agogo?”

Mutumin ya ɗago. “Ranka ya daɗe, shekara da shekaru ina gadin shagon nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Barci ne ya ɗauke ni, 'yata ba ta da lafiya, kwana biyu ban runtsa ba. Laifina ke nan. A hore ni a kan barci, amma kada a ce mini ɓarawo.”

Ta juya ga Goggo da sauri. “Ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne.”

“Sake tambayarsa.”

Ta sake. Wannan karon bai ɗago ba. Yatsunsa suka kama maɓallin. Ya zame daga kujera ya durƙusa. “Ban yi niyyar dukansa ba,” in ji shi, da wata murya siririya da ba ta taɓa ji a gidansu ba. “Sun ce ƙofa kawai zan buɗe.”

Jikalle ta ruga bayan Goggo ta ƙanƙame zanenta.

Ya ɓalle maɓallan, ya cire kwat ɗin ya ɗora a kan teburin yanka. Ya nemi tashi, gwiwa ta ƙi, sai da ya dafa keken ɗinki. Ya ce da muryarsa ta kullum, “Wash. Dā in na durƙusa ba sai an kira mutane ba.”

Ta leƙo. Ta kalli kwat ɗin, ta kalle shi. “Wanne ne na gaskiya?”

“Yadda kika gani yanzu, haka na yi wa Darakta.”

“'Yar da ba ta da lafiya, Ummata ce?”

“A'a. 'Yar maigadi ce. Ni na ƙirƙiro masa ita, don in ji tausayinsa.”

Ta juya wannan a ranta. Can ta ce, “Yi gawar.”

Goggo ta shimfiɗa masa yadi a ƙasa, ya kwanta, baki a ɗan buɗe. Jikalle ta zagaya shi. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi yaraf. Ta hura masa iska a kunne, shiru. Ta kara kunnenta a ƙirjinsa.

“Zuciyarka tana bugawa.”

Gawa ta ce, “Ita kam ta ƙi koyon aikin.”

Ta sa shi ya yi masinjan kotu, har wata mai ɗinki a shagon gefe ta miƙe tsaye. Ya yi direban tasi. Ya yi mata mai sayar da jaridar bakin makarantarsu, ta gane shi tun kafin ya yi magana. Sannan ta ce, “To yanzu yi Kaka.”

Ya tsaya. Ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa. Ya ɗaga hannu kamar zai fara wani abu, ya sauke. Ya kalli Goggo yana neman taimako.

“Yaya yake yi?” in ji shi.

“Kai za a tambaya,” in ji Goggo.

“Ban taɓa ganinsa ba ai. Tafiyarsa ma ban san yadda take ba.” Ya tsaya a tsakiyar shago da zare a gashinsa, yana sosa kunne, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Mutumin da ya zama rabin mutanen gari ya kasa wannan ɗaya. Jikalle ta dube shi, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda gidan ya kwana biyu bai ji ba.

Ranar Litinin muka hango su daga bakin ƙofa, jaka a kafaɗarsa, ita tana zuba.

Baba Ga-shi-nan, ba mu da lambar yabo da za mu rataya maka, sai godiya. Mun gode da maraicen Laraba da ka cika mana, lokacin da ba mu ma damu mu tambayi sunanka ba. Kai ne aka ba magana biyu ka yi mata hidimar da wasu ba sa yi wa shafi goma. Kai ne ka ɗauki maigadi da masinja da mai faci da muhimmanci, har ka zauna ka yi musu 'ya'ya da ciwon baya da abin tsoro, domin kada su fito a talabijin kamar kujeru. Kuma a lokacin da ƙarya guda za ta iya dawo maka da jikarka cikin minti ɗaya, ka zaɓi ka taka da gwiwar nan taka ku nemo gaskiya tare, ko da ba ku same ta ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka daɗe kana raka ta.

Ga masu tasowa a harkar wasa, waɗanda kowa yake son ya zama Sufeto: ku je ku zauna kusa da shi a bencin tasha tun yana zuwa, ku ga yadda ake kallon mutum. Ga tashoshinmu kuma, ku lallaɓa abin da ya rage a ɗakunan kaset, ku nemi tsofaffin nan su gaya muku wanne ne wanne tun ana iya tambayarsu. Mu masu kallo, in fuskar da muka sani ta wuce mu a kasuwa, mu tsaya mu gaisa, mu tambayi suna.

Wanda ya kwashe agogon dai har yau ba a sani ba, Jikalle kuma ba ta daina zargin akawun ba. Amma da yaron layin baya ya sake tambayarta ko ta zaɓa, malamar ajin ta ji amsar da ta ba shi. Ta ce, “Maigadi da gawa da masinja duk aiki ne, yana sawa yana cirewa. Kaka ne kawai ba aiki ba.”